Maganin da Bai Kama Mujahid Ba

Shekarar da Shari'a ta zo, masu sayar da giya na bakin boda suka kwashe kwalabensu suka tsallaka hayin Nijar, mazan da ke sha kuma suka tuna suna da dangi da yawa a can waɗanda ya kamata a riƙa gaisarwa. Mata kuwa aka ƙara wa hijabi tsawo. To cikin wannan tsakanin ne wasu likitoci suka sauka Jibiya za su yi wa yara aikin gwaiwa kyauta. Aka yi ta shela a masallatai da ranar kasuwa, mutane suka kwaso yara daga Riko, daga Mazanya, har daga tsallaken boda, don ciwo ba ya tsayawa jandarma ya duba takardarshi.

A gidan Iya Fatu yara biyu aka kai. Akwai Hamza, ɗan Sha'ibu babban ɗanta, akwai Mujahid, ɗan Bawa ƙanen Sha'ibu. Sa'annin juna ne, 'yan shekara bakwai haka, ciwonsu iri ɗaya, gefe ɗaya ma. Rana ɗaya aka shiga da su, aka fito da su, aka kwantar da su a gado biyu da ke kallon juna.

Salmatu, uwar Mujahid, ba 'yar gari ba ce. Daga Madarunfa aka ɗauko ta, Bawa ya gano ta shina jigilar kaya tsakanin Magama da Maraɗi da tsohuwar motarshi. Mujahid shi ne ɗanta na fari, to kun san yadda abin yake. Ba ta faɗin sunanshi. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi maganarshi sai ta ce "wancan". Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin Iya Fatu, can yake ci, can yake kwana. Ƙanwarshi Ummusalma Inna take ce wa Salmatu, shi kuwa Yaya yake ce mata, kamar wata 'yar riƙo da ya iske a gidan. Matan gari ma suna kunyar ɗan fari, amma da yawa sun fara sassautawa, har malaman zamani suna faɗa a wa'azi cewa abin ba addini ba ne. Salmatu ba ta sassauta ba. Yaro zai faɗi a gabanta gwiwa ta fashe, ta ɗauke kai ta ci gaba da tankaɗe, sai bayan an ɗauke shi ta ga ashe garin a ƙasa take zubawa.

Wannan shi ne abu ɗaya da Iya Fatu ke yabonta da shi. In baƙi suka zo sai ta ce, "Matar Bawa, ko ba ta da komai, tana da kunya."

Ko ba ta da komai ɗin nan, Salmatu ta san inda ya dosa. Da ta je gida haihuwar Mujahid abin ya zo da gardama, sai da aka kai ta asibitin Maraɗi aka yanka aka ciro shi. Bayan aikin aka ba ta maganin raɗaɗi kamar yadda ake ba kowa. Sauran matan ɗakin suka lafa suna hira, ita kuwa kamar ruwan randa aka ba ta. Ta cije, ta cije, ta kasa, ta yi kukan da har masu sayar da lemu a ƙofar asibiti suka ji. Daidai ranar Iya Fatu ta tsallaka boda zuwa barka, ta iske surukarta tana ihu tana kiran uwarta. Ta tsaya ta kalla, ta aje ƙwaryar da ta zo da ita, ta komo Jibiya ta ba da labari. Ba ta nan washegari da wani likita ya canza maganin, ya kira uwar Salmatu ya ce su riƙe sunanshi, kodin, duk inda za a ba ta su ce ba ya kama ta. Uwar ta ce ai kuwa haka aka yi da uban Salmatu lokacin da ya karye a ƙafa. Wannan rabin labarin bai taɓa tsallako boda ba. Na farkon ne ya zauna a gidan, ya yi ɗaki.

To yanzu ga yara biyu a kwance. Da allurar barci ta sake su, nas ta zo da kwalba ta ba kowa cokali guda. Hamza ya lashe baki ya koma barci. Mujahid ya fara nishi, daga nishi sai kuka ƙasa-ƙasa, daga nan ya buɗe murya.

Iya Fatu na zaune a bakin gadonshi da carbi. Sa'adatu, uwar Hamza, na bakin gadon ɗanta tana yi mashi fifita, don shi Hamza na uku ne, ba kunya a tsakaninsu. Salmatu kuwa tana can bakin ƙofa bisa tabarma, kusa da kwanukan abinci, ta ja hijabi har gira. Abinci ta kawo. Abin da ya kawo ta ke nan in an tambaya.

"Haba Maigida," in ji Iya Fatu, don haka take kiran jikan nata. "Gaban mata? To na sake ka, na koma wa Hamza. Dube shi can, ko tari bai yi ba."

"Iya zafi."

"Shi Hamzan da zuma aka yanka shi?"

Sa'adatu ta ce, "Iya, bara ranar kaciya ai Hamza ya fi shi ihu. Sai da mutum uku suka danne shi."

"Kaciya daban. Nan an ba su magani. Na gani da idona, cokali ɗaya, kwalba ɗaya."

Wajen la'asar likita ya shigo zagaye. Saurayi ne dogo, ido ya yi ja don tun safe yake yanka. Ya ɗaga rigar Hamza ya duba, ya wuce. Ya zo kan Mujahid ya duba ɗinkin, ya taɓa goshi, ya tambayi nas yaushe aka ba shi magani.

"Wace ce uwar yaron?"

"Ni ce," in ji Iya Fatu. Ba ƙarya ta yi ba a wurinta. Duk Jibiya in ka tambayi uwar ɗan fari kaka za a nuna maka.

Likita ya dubi furfurarta, ya ga ba lokacin bincike ba ne. Ya ce, "Mama, kodin muka ba shi, ya kamata a ce ya lafa. Akwai wanda aka taɓa ba irin maganin nan a danginku bai kama shi ba? Ko bayan aiki, ko karaya, ko haƙori?"

Sunan maganin ya shiga kunnen Salmatu kamar an kira sunanta a kasuwa. Ta ji shi sarai. Bakinta ma ya buɗe a cikin hijabi. Sai ta hango abin da za ta faɗa: za ta tashi gaban surukarta, gaban namiji baƙo, gaban matan Riko da Mazanya da suka cika ɗakin, ta ce ni na haife shi, an yanka cikina, na yi kuka. Abu uku, kowanne ya ishe ta nutsewa ƙasa. Ta jawo wani kwano ta fara goge murfinshi da bakin zane.

"Danginmu?" in ji Iya Fatu. "Likita, ubanshi mota ta danne mashi yatsa bai ce uffan ba. Kakanshi da kanshi ya cire haƙorinshi da zare. Sangarta ce kawai, ni na ɓata shi."

Likita ya ce to a ɗan ba shi lokaci, wani yaron tsoro ke ƙara mashi, kuma ba a ƙara wa yaro irin wannan magani haka kawai. Ya ce in bai lafa ba a kira shi. Yara da yawa na jiranshi a ɗakin tiyata, ya fita.

Salmatu ta ce a ranta zai lafa. Yaro ne, jikinshi ba nata ba ne, wataƙila ya ɗauko na ubanshi. Ta ce in an jima Iya za ta fita salla, sai ta raɗa wa Sa'adatu, Sa'adatu ta gaya wa nas. Iya ta yi sallarta a nan gefen gado. Da magariba ta yi aka ce masu jinya ɗai-ɗai za su kwana, Iya ta ce, "Ke 'yar nan, kwashe kwanukan ki tafi, Ummusalma na gida." Ta kwashe ta tafi. A hanya ta ce gobe da safe, kafin kowa ya cika ɗakin.

Da safe ta zo da kunu. Tun daga baranda ta jiyo shi. Muryar ta dishe, ba kuka ba ne kuma, wani sauti ne kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Matar da ke gadon ƙarshe, wata 'yar Mazanya, tana cewa ita dai ba ta runtsa ba, a yi wa Allah a fitar da yaron nan baranda. Wata ta ce ai ɗan Bamaraɗiya ne, an ce uwar ma haka take. Iya Fatu ta kwana tana ba da tarihi, ashe.

Hamza na barci. An tashe shi ya sha kunu rabi, ya koma, bakinshi a buɗe. Duk wadda ta wuce sai ta ce tubarkalla, wannan namiji ne.

Salmatu ta durƙusa tana zuba kunu a kofi, bayanta ga gadon. Sai ta ji ya ce, "Yaya."

Ta ci gaba da zubawa.

"Yaya, zafi."

Kofin ya cika. Ta ɗauko wani.

Sai ya ce, "Inna."

Bai taɓa faɗa ba tun da ya iya magana. Duk ɗakin sun riga sun san wace ce wace. Mata suka zuba ido su ga abin da Bamaraɗiya za ta yi. Iya Fatu ma ta daina jan carbi.

"Inna. Inna, zo."

Salmatu ta miƙa wa Sa'adatu kofin ba tare da ta waiwaya ba, ta tattara kwanukan jiya da ta riga ta wanke a gida, ta fita da su bakin famfo. Ta buɗe ruwa da ƙarfi. Tana jin wata na cewa a bayanta, "Kai, wannan ta iya kunya. Irinsu sun ƙare." Ta wanke kwanukan nan, ta sake wankewa, har yatsunta suka yi fari. Ta ga nas ta wuce da kwalbar nan a faranti za ta ba da cokalin safe. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Salmatu ta ce, "Sannu da aiki." Nas ta ce, "Yauwa sannu," ta wuce.

Da hantsi Bawa ya iso. Daga Maraɗi yake, ya kwana a layin 'yan duwan, kwastan ɗin Nijar, da lodin wake, ko gida bai biya ba. Ya shigo da ƙura a gira, riƙe da ƙwallo sabuwa a cikin leda, mai ja da fari, irin wadda ya yi wa yaron alkawari tun kafin a shiga da shi. Salmatu ta biyo bayanshi ta koma mazauninta a bakin ƙofa.

Ya gaida uwarshi, ya gaida Sa'adatu. Iya Fatu ta ce, "Gara da ka zo. Ɗanka ya tara mana jama'a. Jiya ba wanda ya yi barci a ɗakin nan sai Hamza."

Bawa ya dubi matan ɗakin, matan ɗakin suka dube shi. Mutum ne da a tasha ake ce mashi ƙarfe. Ya tsaya kan yaron.

"Kai. Me ye haka?"

"Baba zafi."

"Wancan ba a yanka shi ba?"

Haƙoran yaron na ta kaɗawa.

Sa'adatu ta ce, "Baban Ummu, a bi shi a hankali. Yaron nan gumi yake, dubi filo."

"Nas ta ce su fara takawa yau," in ji Iya Fatu. "Hamza an riƙe shi ya je fitsari ya dawo. Wannan ko juyawa ya ƙi."

Bawa ya ciro ƙwallon daga leda, ya juya ta a hannu yadda yaron zai gani. Sai ya taka ya aje ta a gadon Hamza, gefen ƙafarshi. Hamza bai ma san an yi ba.

"Ta maza ce," ya ce. "In kana so, taso ka ɗauka."

Salmatu na kallon ƙasa, amma ta ga ƙafafun. Ta ga ƙafa ɗaya ta sauko daga gado tana rawa, ta ga ta biyu. Yaron ya daina kuka ɗif, ya cije leɓe. Ya saki ƙarfen gado. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu a dunƙule kamar tsoho, a na uku gwiwa ta ƙi, ya kife, cikinshi ya bugi bakin gadon Hamza. Da Bawa ya ɗago shi, filastar ta jiƙe, ja na bin cinya.

Aka yi ta kiran nas, nas ta ruga ta kira likita. Ya zo da safar hannu, ya buɗe wurin, ya ce zare biyu sun tsinke, na sama ne, za a gyara. Sai ya dubi fuskar yaron da kyau, ya dubi filon da ya jiƙe, ya tambayi nas cokali nawa aka ba shi tun jiya. Ta faɗa.

"Kuma bai yi barci ba ko kaɗan?"

"Ko kaɗan," in ji 'yar Mazanya daga gadon ƙarshe. "Mu ne shaida."

Daga bakin ƙofa wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu.

"Sa'a."

Sa'adatu ta waiwaya. Salmatu ta juya fuskarta ga bango, goshinta kusan shina taɓa siminti.

"Sa'a, ce ma likita wanga magani ba ya kama ni."

Sa'adatu ta dubi likita. "Wai ta ce maganin ba ya kama ta."

"Ita wace ce?"

Bawa ya dubi silin. Iya Fatu ta dubi carbinta. Sai 'yar Mazanya, wadda ba ta da abin da za ta rasa, ta ce, "Ita ta haife shi."

Likita ya dubi Iya Fatu, ya dubi bayan hijabin da ke fuskantar bango. Ɗan Hausa ne, bai buƙaci a yi mashi bayani ba. Ya ce, "Baiwar Allah, yaushe aka ba ki?"

"Sa'a, ce mai lokacin da anka yi mani aiki Maraɗi. Na wancan. Kodin. Likitan can ya ce in riƙe sunan. Da anka canza wani na samu barci. Babana ma haka, da ya karye."

Sa'adatu ta buɗe baki za ta maimaita, likita ya ɗaga hannu, ya ji. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya dai tambaya, a hankali, "Jiya da na yi tambaya kina nan?"

Can sai hijabin ya gyaɗa.

Ya ce wa nas ta ɗauko wata allura, ya faɗi sunanta da Turanci, ya ce kada a sake ba yaron nan cokalin nan. Shina jira a kawo, sai ya juya ga Bawa, don dai ya sami wanda zai kalla.

"Maganin nan kamar gero yake. In an sha, sai jiki ya daka shi tukuna kafin ya zama abin da ke kashe zafi. Yawancin mutane jikinsu na dakawa. Wasu an halicce su ba turmin. Ko buhu ka ba su, tsaba ce za ta shiga ta fita. Yaronka tun jiya kamar wanda aka yanka ba a ba shi komai ba yake. A haka kuma ya sauko daga gado."

Ledar ƙwallon na hannun Bawa har yanzu, shina ta naɗe ta a yatsa.

"To ai shi ke nan," in ji Iya Fatu, muryarta ta ɗan dawo. "Jinin uwa ne. Dama na ce daga can ne."

"Daga can da nan, Mama. Irin wannan sai an haɗu. Uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi. Da daga gefe ɗaya ne da maganin ya ɗan taɓa shi."

Wata a tsakiyar ɗaki ta yi tari wanda ba tari ba ne.

Kafin ya fita da Mujahid, likita ya tsaya kan Hamza. Ya kira sunanshi, ya girgiza shi, ya ɗaga fatar idonshi, ya tsaya shina kallon yadda ƙirjin ke tashi. Ya tambayi Sa'adatu tun yaushe yake wannan barci. Ta ce tun jiya, sai an tashe shi. Ya ce wa nas shi ma a tsayar mashi da cokalin, a riƙa duba numfashinshi. Ya ce wannan kuma nashi turmin ya cika sauri, cokali ɗaya shina zame mashi kamar uku.

"To jarumtar fa?" in ji 'yar Mazanya.

"Barci ne," in ji likita, ya tura gadon.

Bawa ya bi su har ƙofar tiyata, daga nan ya ce zai je ya ga lodin wake kada yaran mota su farke buhu. Ba wanda ya ce mashi ya tsaya. Ƙwallon ta gangaro ta shige ƙarƙashin gado, aka bar ta can.

Salmatu ta so tafiya ita ma. Ta tattara kwanuka, ta ɗaure su a zane, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Matan da suka yabe ta da safe yanzu ba mai kallonta, kuma ba ta san wanne suke riƙe da shi ba, maganar da ta yi ko wadda ta ƙi yi. Ita kanta ba ta san wanne ya fi ƙona ta ba. In ta tuna ta ce "aiki" da "na wancan" gaban mijinta da uwarshi da namiji baƙo, sai ta ji kunnuwanta sun yi zafi. In ta tuna famfo, sai zafin ya sauka ciki, daidai tsohon tabon.

Bayan azahar aka dawo da shi, an sake ɗinki, shina barci. Barci na gaske, hannu a sake, baki a rufe. Nas ta ce a samu mai riƙe mashi ƙafa in ya motsa, kada ya naɗe ta ya taɓa wurin.

Iya Fatu ta zauna ta riƙe. Can, ba tare da ta dubi bakin ƙofa ba, ta ce, "Ashe canza maki magani aka yi."

"E, Iya."

"Ba wanda ya gaya mani."

Iya ma ta san ba ta tambaya ba.

"Kuma jiya kina zaune."

"Ina zaune, Iya."

Tsohuwar ta ja carbi ɗaya, biyu, ta tsaya. Sai ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta ɗauki buta.

"Alwallata ta karye," ta ce wa ɗakin gaba ɗaya. "Sa'adatu, taso ki raka ni, ban gane hanyar bayin nan ba."

Sau nawa ta je bayin nan tun jiya, ba wanda ya tuna mata. Sa'adatu ta dubi Hamza, ta ga ya fara motsi shina neman ruwa, ta ce wa 'yar Mazanya ta sa mata ido, ta bi surukarta. A bakin ƙofa Iya ta ce, ba ga kowa ba, "Ƙafar nan dai an ce kada a sake ta."

Salmatu ta tashi. Ɗakin bai fi taku kaɗan ba amma sai ta ga kamar daga Magama zuwa Maraɗi. Matan ɗakin, Allah ya saka masu, kowa ta sami abin yi, wata na gyara zane, wata na neman ɗankunne a ƙarƙashin filo. Ta zauna a inda Iya ta tashi, wurin da ɗumi. Ta ɗora hannu bisa ƙaurin yaron. Rabon da ta taɓa shi haka tun shina nono. Akwai wani tabo a idon sawunshi da ba ta san da shi ba.

An jima ya motsa, ta danne ƙafar a hankali. Ya buɗe ido. Ya dubi hannun, ya bi shi da kallo har fuska.

"Yaya."

"Na'am."

"Ina Iya?"

"Ta tahi alwalla."

Ya lumshe ido, ya sake buɗewa.

"Ya daina zafi."

"To madalla."

"Baba ya tafi?"

"Ya tahi wurin mota. Shina dawowa."

Ya sake lumshe ido, har ta ɗauka ya koma barci. Sai ya ce, muryar a dishe, ba fushi a cikinta, tambaya ce kawai irin ta yara, "Ɗazu na kira ki."

Ta dubi bargo.

"Kin ji?"

Famfo na da ƙara, ɗakin cike yake da mutane, shi kuma muryarshi ta dishe. Duk uzurin da ta ɗauka a ciki zai yarda, yaro ne.

"Na ji," ta ce.

Ya dube ta ɗan lokaci. Sai ya juya fuskarshi ga bango a hankali, yadda ɗinkin ba zai ja ba. Ƙafar dai bai janye ba, ko don an ce kada ya motsa ta ne, Allah masani. Ta taga Salmatu na hango Iya Fatu zaune bisa dakalin baranda, buta cike a gefenta, tana kallon motocin da ke wucewa boda.